Honarabul, Ka Ga Saƙona?

Duk cikin masu muƙami a ƙasar nan babu mai shan zagi da araha irin kansila. Gwamna na da ƙofa da 'yan sanda. Sanata na Abuja da layi uku, babu mai shiga. Ciyaman ma yakan ɗaga gilashin mota ya wuce. Shi kuwa kansila gidansa ga shi nan bayan masallaci, kowa ya san lokacin da yake fitowa alwala, lambarsa kuma shi da kansa ya raba ta lokacin kamfe, har yana cewa a kira shi dare ko rana. To, an zaɓi dare.

Jihar Kebbi na da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, mazaɓar Zauro na cikin 15 na ƙaramar hukumar Birnin Kebbi. Ke nan bayin Allah 225 ne wayarsu ba ta barci. Ba da kansilan wata mazaɓa nake ba, duk kanwar ja ce daga Ambursa har Argungu.

Saƙon zagin namu yana da tsari, don mu mutane ne masu tarbiyya. Ba a fara shi sai da sallama. "Salamu alaikum Honarabul, ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya Hajiya da ƙafa?" Sai a yi gyaran murya. "To wallahi kai azzalumi na, maci amana, kuma Allah ya isa tsakaninmu da kai, ba mu yahe ba." Daga nan a ɗauko tarihin gidansu, a tuna mishi zamanin da yake cin bashin goro, a lissafa buhunan takin da aka ce sun kwana a zaurensa suka wayi gari a kasuwa. Minti bakwai ana magana a WhatsApp, akuya na kuka a bayan fage, uwargida na tambayar kuɗin cefane. Can ƙarshe murya ta yi laushi: "Af, na manta, jibi sunan ɗiyata. Ga lambar asusu nan na turo."

Laifin da ya jawo wannan duka yawanci ɗaya ne, sunan mutum bai fito a takardar rabo ba. Taki ne, shinkafar azumi ce, injin ban ruwa ne, babu bambanci. Wanda sunansa ya fito yakan ce kansila mutumin kirki ne, mutane ne ba su fahimce shi ba, har zuwa rabo na gaba.

Sauran laifuffukan kuma ya gaje su ne. Aikin noman rani na fadamar Zauro tun 1969 ake zancensa, an tsara shi ya shayar da hekta sama da 10,000, abin da aka fara gwaji da shi a 1982 hekta 100 ne. Aikin gwamnatin tarayya ne, wasu kansilolin ma ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin. Amma idan ruwa bai kai gona ba, lambar wa ke hannu? Gulbin Rima ya cika ya shanye shinkafa a daminar 2020, an tambayi kansila inda yake. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, injin ban ruwa ya koma shan kuɗi, an ce da shi aka haɗa baki. Mutumin da shi ma a bakin hanya yake sayen fetur a kwalba.

Abin ya ƙara lalacewa ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukuncin kafin ya iso majalisar mai shayi ya rikiɗe, ya zama wai kuɗin Abuja a aljihun kansila suke sauka. Tun daga ranar, ko sabon takalmi ya sa sai an ce, "Ka gani, 'yancin ya fara shigowa."

Kalmar da ta fi daɗin faɗa ita ce "da ƙuri'ata ka hau". A zaɓen ƙananan hukumomi na Agustan 2024 jam'iyya ɗaya ta kwashe kujerun nan 225 kaf. Ka tambayi mai ƙuri'ar inda ya wuni ran nan, zai ce yana fadama, ai shi ya san ko ya je ko bai je ba za a ci. Amma fa bai yafe bashin ba.

Akwai masu dabarar sayen sabon layi don su yi zagi a ɓoye, sun manta layin da lambar katin ɗan ƙasa aka yi mishi rajista, muryar kuma duk garin an santa. Washegari a haɗu wurin ɗaurin aure, mai zagi ne zai fara durƙusawa. "Ranka ya daɗe, Honarabul! Ka ga wani saƙo jiya? Yaran nan ne suka ɗauki wayar." Kansila ya ce, "Haba Baba, ba komai, ai ban ma buɗe ba." Ya buɗe, har sau biyu ya saurara, ya kuma tura wa matarsa.

Kada a ce na wanke kansilolin. Su ma sun ƙware. "Ina mitin" ta zama sallamarsu, ko da kana hango mutum yana cin tsire a tasha. Aikinsu a doka shi ne yin dokokin ƙaramar hukuma, duba kasafin kuɗi, da sa wa ciyaman ido. Ban taɓa jin wanda ya ɓata minti bakwai a kan kasafin kuɗi ba, kuma kansilolin sun fi kowa godiya da hakan. Gara a zage ka kan buhun taki da a tambaye ka nawa aka ware wa asibitin shan magani.

Da zarar guguwar zaɓe ta kaɗa, sai wayar ta juya. Kowace Juma'a da asuba saƙo zai shigo da hoton masallaci da furanni: "Barka da Juma'a Baba, ɗanka ne, a saka mu a addu'a." Baba ya duba, ya gyara zama a kan tabarma, ya miƙa wa jikansa wayar ya ce, "Rubuta mishi, ina mitin."