Soyayyar Shekara Ashirin a Motar Dutse Alhaji

Motar haya daga Dutse Alhaji zuwa Wuse da sassafe fasinja iri biyu take ɗauka: mai faɗa da direba kan canji, da mai share hawaye a kan waya. Ta biyun ba rasuwa aka yi mata ba. Littafi take karantawa, an zo inda jarumi ya dawo daga Turai da furfura da digiri uku, ya tarar jaruma ta yi aure biyu ta fito, amma zuciyarta na nan a ajiye ba wanda ya taɓa. Haƙuri ake saye a irin wannan labari, don shi ne hajar da ta yanke a garin nan. Ita kanta mai kukan, jiya saurayinta ya yi minti goma bai amsa saƙo ba, ta goge lambarsa.

Cinikin ya daɗe. Daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, inda Sumayya ta faɗa rijiya saboda Muhammad, marubuta sun gane mai karatu yana son masoya su sha wuya, muddin ba shi zai sha ba. A da kashi-kashi ake sayarwa, na ɗaya, na biyu, na uku. Yau a WhatsApp ake datse labari daidai inda numfashi ya tsaya, a ce a tura kuɗi tare da shaidar biya. Masoya na jiran juna shekara ashirin, marubuciya kuwa ko kwana ɗaya ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

Masu cewa littattafan na ɓata tarbiyya, har aka cinna wa wasu wuta a Kano a 2007 zamanin A Daidaita Sahu, sun ɗora wa takarda ƙarfin da ba ta da shi. Da ana koyi da littafi, da tuni Dutse ta cika da 'yan mata masu korar Alhajin Maitama saboda malamin firamare. A zaga unguwa a ƙirgo mana su. Masu cewa kuma labaran ba su kama da rayuwa ba sun yi gaskiya, sai dai abin da aka biya ke nan. Duk tsawon shekarun nan mai gida bai taɓa ƙwanƙwasa wa jarumi ƙofa kan kuɗin haya ba, bai yi cinikin jarka da mai ruwa ba, lefe kuwa akwati goma sha biyu ne suke haɗuwa a layi guda. Wa zai ƙona datarsa ya karanta cewa an ɗauke wuta, alhali a cikin duhun yake zaune?

Saura maza masu taɓe baki su ce karatun mata ne. In cunkoso ya tsai da mota a hanyar Kubwa, a lura da mai jamfa da ya toshe kunne yana girgiza kai, idonsa ya kaɗa. Littafin ne ake karanta masa a YouTube, an kai ranar ɗaurin auren jaruma da wani. In ka taɓa shi ka ce lafiya, sai ya gyara hula ya ce labaran duniya yake saurare.