Yadda Ake Ɗaukar Ma'aikata Kyauta a Lambun Bayan Gida

Damina ta zauna a Kontagora, ka shuka kuɓewa da kabewa da 'yar masara a bayan ɗaki. Saura 'yan ƙwadago. Kada ka taɓa aljihu, maigida, masu neman aikin sun iso tun tsiro bai kai taƙi ba.

Fara da gizo-gizo, ka ba shi gadi. Ba ya karɓar albashi, ba ya taɓa ganye, abincinsa sauro ne da ƙuda da ƙananan ƙwarin da ke maka ɓarna. Sharaɗinsa ɗaya ne, a roƙi uwargida ta janye tsintsiya. Yanar cikin ɗaki a share ta, amma wadda ke tsakanin kuɓewa da danga ofishinsa ce. In ka ga ƙoƙi-ƙoƙi ta ɗaga hannu biyu a kan reshe, ita ma ɗauke ta, sai dai ka raba musu unguwa. A tatsuniya ne Gizo da Ƙoƙi suke miji da mata. A lambu in ta ritsa shi, ya zama kalaci.

Rina akwai zafin rai, amma tsutsa take kai wa 'ya'yanta, don haka gaishe ta daga nesa ka wuce. Ƙudan zuma kuwa babban baƙo ne. Shi ke ɗaukar garin furen kabewa namiji ya kai wa macen, in bai zo ba sai dai ka ci ganye.

Wadda za ka sallama ba tare da sallama ba ita ce tsutsar masarar nan da ta ƙetaro daga nahiyar Amurka, aka fara ganinta a Najeriya a 2016. Ɓuya take yi a tsakiyar ganyen da ke naɗe, ta bar huji da kashi kamar garin katako. Bi ta da sassafe ka zaƙulo ta da hannu, ko ka zuba mata toka da yashi, ko ruwan dakakken ƙwallon dogon yaro. Ina roƙonka kada ka yi saurin ɗauko famfon feshi. Gubar tana fara kashe masu gadin da ke fili, ita ɓarauniyar tana kwance a ɗaka.

Fara ce kaɗai hukuncinta ya zo da sauƙi. Tura yara su kamo ta da sanyin asuba tun ba ta iya tashi, a cire fiffike, a soya, a barbaɗa yaji da gishiri. Wanda ya yi feshi a makon nan, ba shi da rabo a wannan kasko.