Dutse Ai Dutse Ne, In Ji Mai Barci a Mota

Gyara zama, Malam na Bakori, yau da abin da zai ɓata maka rai na zo. A can Italiya akwai wani tsibiri mai suna Kapri a cikin tekun Bahar Rum, daura da birnin Napoli, inda Osimhen ya taɓa taka leda. Mutane kan biya kuɗin jirgin sama, su biya na jirgin ruwa, su sake biyan mai kwale-kwale, duk don su je gaban wasu duwatsu uku da ke tsaye cikin ruwa su saki baki. Faraliyoni ake ce musu. Babu zinare a jikinsu, ba a kuma binne wani waliyyi a kansu ba.

Ka ce, "Kuɗi ne ya yi musu yawa." Na san za ka faɗi haka, don tun kafin in rufe baki na ga ka taɓe naka. To saurara. Biyu daga cikinsu sun haura mita 100 a tsayi. Na tsakiya shi ne gajere, wajen mita 80, amma shi ne ɗan gata, saboda akwai wata ƙofa a cikinsa da ƙananan jirage ke ratsawa. Al'adar wurin ita ce masoya su sumbaci juna daidai lokacin da jirgi ke wucewa ta ƙarƙashinta. Na ji ka yi a'uziyya. Kwantar da hankalinka, ba wannan hajar na kawo maka ba.

Hajata tana nan bayan gida. Sau nawa ka tashi daga tashar Funtuwa ka nufi Gusau, ka wuce 'Yankara, ka wuce Tsafe? Me ka gani a Kwatarkwashi? Kada ka yi mini ƙarya, ba ka ga komai ba. Barci kake yi, hula ta zamo kan hanci, kanka na kan kafaɗar bawan Allah da bai san ka ba. Dutsen da ya tokare sama, gari ya kwanta a gindinsa, ya wuce ta tagar motarka kana minshari.

Ka ce, "To dutse ai dutse ne." Subhanallahi! Kai da idan aka ce maka masara ai masara ce sai ka kusa cin kwalar mutum, ka zaunar da shi ka karanta masa bambancin fara da ja, da mai saurin nuna da mai jinkiri? Na Kapri dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi, ruwa na cin sa. Igiyar teku ta yi ta dukan gaɓa har ta haƙa kogo, kogon ya huje ya zama ƙofa, wata rana rufin ya rufta, sai ginshiƙi ya rage shi kaɗai a tsakiyar ruwa. Namu kuwa ƙaƙƙarfan dutse ne, wanda ya narke ya kuma daskare can cikin ƙasa tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Ruwan sama ya yi ta ruɓar da abin da ke kewaye da shi yana kwashewa, shi ya ƙi tafiya. Duka biyun dai masu taurin kai ne da aka share maƙwabtansu suka rage.

Ka ce, "Kai dai ka faɗi abin da kake so, Allah ne ya halicce shi." Wa ya musa? Shi ya halicci masarar ma, amma ban ga ka daina zuba taki ba.

Yanzu za ka fito da babban makaminka: "Su ai suna da teku, mu fa?" Fita bayan gari a watan Agusta, tsakanin Bakori da Malumfashi, lokacin da masara ta fi mutum tsawo. Ka hau kan wani fa ka duba. Kore ne shimfiɗe har inda ido ya gaji, iska na kaɗa shi yana tashi yana kwanciya, duwatsu baƙaƙe sun ɗago kai nan da can a tsakiyarsa. In wannan bai yi maka kama da teku ba, laifin idonka ne. Kuma namu tekun ana girbe shi a zuba a buhu.

A kan dutsen da ya fi nisa da gaɓa a Kapri akwai wani ƙadangare shuɗi, wanda masana ke ta rubutu a kansa. Kai kuwa jangwada, da jan kansa da shuɗin jikinsa, yana kan katangarka kullum yana gyaɗa maka kai, ladarsa jifa. A kan fa ɗin da na ce ka hau za ka tarar da barkono a shanye ya yi jawur, da ɗan kwarmi da ya riƙe ruwan jiya, tsuntsaye na sha, yara na jiƙa ƙafa. In ka yi shiru, wataƙila rema ta leƙo daga tsaguwa ta dube ka ta koma. Ba wanda zai karɓi sisinka.

Ka ce, "Nasu ai yana da tarihi." Eh, Sarkin Rum Tiberiyus ya tare a Kapri a shekara ta 27 miladiyya, daga can ya riƙa juya daularsa, kuma har yau masu kwale-kwale na cin abinci da sunansa. Mu fa? Dala na da Barbushe, Zariya na da Kufena, Kwatarkwashi na da labarin bikin kamun maiki da magabata suka yi. Su sun mai da labari sana'a. Mu in yaro ya tambayi kakansa labarin dutse, sai a ce masa akwai aljannu, a wuce wurin.

Kada kuma ka ɗauka Turawan duk masu tausayin dutse ne. A 2021 hukumomin Italiya suka kama wasu da ke nutsewa da guduma suna farfasa gindin Faraliyoni a ƙarƙashin ruwa, don ciro wani abin ɓawo da ake ci mai tsada, wanda doka ta hana kamawa. Bambancin kawai, su kotu aka kai su. Mu in mutum ya sa nakiya ya mai da dutse tsakuwa, tifa muke aika masa.

Sai ka yi ƙasa da murya ka ce, "Malam, hanyar Gusau a wannan zamanin? Wa zai tsaya kallon dutse?" Nan kam ka kama ni, babu zolaya a ciki. Ban ce ka tsayar da direba a dajin da kowa ke addu'ar wucewa lafiya ba. Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Amma lokacin da hanya ke lafiya lau, har da dare ana bin ta, hoto nawa ka ɗauka? Barcin nan naka ya girmi 'yan bindiga.

Har yanzu kana kan bakanka cewa mai hankali ba ya ɓata lokaci kan dutse? To laluba aljihu ka ciro tsohuwar naira 100, mai hoton Awolowo. Juya bayanta. Dutsen Zuma ke nan, tun 1999 kake yawo da shi kana ƙirgawa da yawu. In ya dame ka, miƙo mini.