Allah Ya Ja Zamanin Masu Awo

A cikin bayin Allah da ke yi wa Nijar hidima, babu waɗanda aka tauye wa haƙƙin yabo kamar masu auna ɗorewar furoje. Maroƙa sun wasa sarakuna, sun wasa ƴan kokawa, sun wasa alhazan Maraɗi, amma har yau ban ji makaɗin da ya rataya kalangu ya bi mutumin da ke zaune gaban kwamfuta a Yamai yana tabbatar wa duniya cewa Alakos ta ci gaba da kashi kaza cikin ɗari ba. Tun da makaɗa sun yi sakaci, bari mu masu alƙalami mu rage bashin.

Ga wanda bai san wurin ba, Alakos ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Gure, jihar Damagaram, can arewa maso yamma da garin Gure, tsakanin Kutus da Damargu, mazaunin hukumarta Garazu. Ana noma gero in sama ta yarda, ana kiwo in ciyawa ta samu. Daga Yamai zuwa Gure kaɗai ya haura kilomita 1,000, kuma in ka isa Gure ba ka zo ba tukuna, sai ka bar kwalta ka shiga rairayi. Nisan nan shi ya fara sa ni jinjina wa mutanen. Mai awon gero a kasuwa dole ya durƙusa gaban buhu, ya cika tiya, mai saye na kallon hannunsa, in ya rage tozo a yi masa ca. Su kuwa Allah ya hore musu auna abin da ba su gani ba, daga inda ba a ganin su, kuma tiyarsu ba ta taɓa fitowa da gibi ba.

Kayan aikinsu ma abin kallo ne. A 1969 hukumar agajin Amurka, USAID, ta sa aka ƙera mata wani jadawali mai gida-gida: nan buri, nan sakamako, nan ayyuka, nan ma'auni, can gefe kuma ɗan lungun da ake jibge abubuwan da aka ɗauka za su tafi daidai, irin su saukar ruwa da zaman lafiya. Jadawalin ya zaga duniya har ya zama ba a ba ka ko dala sai ka cike shi. A Satumba 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaro muradun ci gaba mai ɗorewa 17, da ƙananan burika 169, da ma'aunai sama da 230. Kakanninmu, Allah ya jiƙan su, ma'auni biyu suka sani: rumbu ya kai damina ko bai kai ba, rijiya na da ruwa a bazara ko ta ƙafe. Da wannan ƙarancin ilimi suka rayu suka mutu, ba wanda ya taɓa gaya musu ko suna kan hanyar cimma buri na 15.3, wanda ya shafi lalacewar ƙasar noma.

Babbar hikimar awon tana ga ranar da ake yin sa. Itace ana ƙirga shi ran da aka dasa, yana cikin ledarsa, ganyensa shar, hakimi da mai gari na tsaye, mai hoto na aiki. Tun 1975 ƙasarmu ta haɗa bikin samun ƴancin kai na 3 ga Agusta da dashen itatuwa, aka ƙara da taron Maraɗi na 1984 kan yaƙi da hamada, furoje kuma ya bi bayan furoje. Da a ce duk itacen da ya shiga rahoto tun lokacin ya rayu, da mai raƙumi ba zai tashi daga Gure zuwa Tasker ba sai da gatari a kafaɗa yana sarar hanya. Amma rahoto bai yi ƙarya ba. An ce an dasa, kuma an dasa. Abin da akuya ta yi a watan Maris tsakaninta da Mahaliccinta ne, ba ya cikin jadawali.

Dubi kuma aikin tsayar da tuddan rairayi, wanda ƙasar Gure ta yi suna a kansa, musamman ta kudu inda rairayi ke cinye kwaruruwan dabino da kanwa. Har furoje guda aka yi domin haka, PLECO, na gundumomin Gure da Maine Sorowa. Dabarar ba ta da laifi. A saro rassan kalimbo ko kaba, a kafa shinge a gicciye da iskar hunturu, a yanka tudun gida-gida, a dasa itatuwa in ruwa ya sauka, sannan a hana dabba shiga na ƴan shekaru har saiwa ta kama. Wannan na ƙarshen shi ne aikin, kuma shi ne ba ya ƙirguwa. Don haka masu basira suka ce a rubuta eka ran da shinge ya tsaya aka biya ƴan aiki kuɗinsu. Albashin mai gadi ya ƙare ran da furoje ya rufe, shinge ya shiga murhu ko ya bi iska, tudu ya ci gaba da tafiyarsa. Wani zai kira wannan asara. Ni riba nake gani, domin tudu guda yana iya ciyar da furoje uku, kowanne ya tsayar da shi ya rubuta ekarsa, a tara a samu ninki uku na ƙasar da aka farfaɗo, ba tare da an ƙara wa Nijar ko taki ɗaya ba. Haka ramukan rabin wata da ake haƙa a fako: 313 a kowace hekta, lissafi mai daɗi, a ƙirga rami a raba, sakamako ya fito. Ruwa ya kwanta a ciki ko bai kwanta ba, wannan sai a tambayi damina.

To, ina ɗorewar? Tana ga kwamiti. A Maris 2005, shekarar da yunwa ta cika asibitocin Maraɗi da Damagaram da yara, masu ba da agaji sun taru a Faris suka amince cewa dole mai karɓa ya ɗauki aikin a matsayin nasa. Tun daga nan ba a gina famfo ko bankin cimaka sai an kafa masa kwamitin kula: shugaba, ma'aji, magatakarda, da mata adadin da takarda ta nema. A kira su horo na kwana uku, a ba su perdiyam, wato kuɗin zama, kowa ya dangwala yatsa. Da an dangwala, famfon ya ɗore, haka dokar awo ta ce. Idan bayan shekara biyu wani ƙarfe ya karye, kayan gyara na Damagaram, mai gyara ya tafi ci-rani Kano ko Libiya, asusun kwamiti kuma an ranta wa wani ya yi suna, ba komai: kwamitin na nan a rubuce, cikin ƙoshin lafiya. Binciken da aka sha yi kan famfunan hannu a Afirka kudu da Sahara yana nuna tsakanin ɗaya cikin biyar da ɗaya cikin uku ba sa ba da ruwa. Kwamiti kuwa ban taɓa jin wanda ya lalace ba.

Ranar da masu tantancewa za su zo ita ce ranar sallar furoje. Ana aiko su kafin a rufe aiki, da kuɗin aikin, cikin motar aikin, tafinta ma na aikin. An sanar da gari tun mako guda, an share fili, an shimfiɗa tabarmi. Baƙo ya tambaya ko an amfana. Dattijo ya gyara rawani ya ce, "Wallahi mun gode, an taimake mu ƙwarai, sai dai a ƙaro." Baƙo ya rubuta cewa jama'a sun gamsu ɗari bisa ɗari. Kada mai karatu ya ɗauka dattijon bai san abin da yake yi ba. Ya ga furoje ya fi a ƙirga, ya san garin da ya yi ƙorafi ba ya ganin farar mota ta biyu. Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa na cibiyar LASDEL a Yamai sun shafe shekaru suna rubutu kan tsare-tsaren da ake ƙerawa a wata nahiya a yi ta yawo da su ƙasa-ƙasa, da yadda kowa, daga ma'aikaci har talaka, ke koyon faɗin abin da mai kuɗi ke son ji. Su suna ganin cuta ce. Ni ina ganin shi ne horon da ya fi kowane kama jiki, ga shi ba a kashe masa ko tamma ba.

Sai ƙirƙira, wadda yanzu ba a karɓar takardar neman kuɗi in babu ita. Da ana ƙirga itacen da zai mutu da biro, yanzu da waya ake ɗaukar hotonsa, tauraron ɗan'adam ya ba da daidai inda yake tsaye, kafin la'asar wani a Turai ya gan shi a allonsa. Itacen dai zai mutu, amma an san wurin. Gwanar ƙirƙira ita ce PlayPump ta Afirka ta Kudu, lilon yara da ke jawo ruwa in suna juya shi. A 2006 aka yi shelar zuba masa dala miliyan 16.4 a gaban Laura Bush da Bill Clinton. A 2009 jaridar Guardian ta yi lissafi ta ga cewa kafin a cika alkawarin ruwan da aka yi, sai yara sun yi wasa awa 27 a kowace rana. Ƙarshenta mata ne ke tura lilon. Laifin na rana ne da ta tsaya a awa 24.

Yanzu bari in juya kan waɗanda suka so ɓata wannan kyakkyawan tsari, wato manoman Magarya da Matamai da Mirya da na ƙasar Maraɗi. Tun shekarun 1980, bayan fari, mutanen nan suka shiga barin tohon kututture a gonakinsu. In sun zo sassabe sai su zaɓi rassa masu ƙarfi su bari, su datse saura, su kare ɗan gawon da ya fito da kansa, tun da gawo na zubar da ganye da damina, bai hana gero rana, da rani kuma ƴaƴansa abincin dabbobi ne. A wajen Maraɗi wani ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya taimaka wajen yaɗa dabarar daga 1983. A kudancin Damagaram galibi maƙwabci ne ya gani wurin maƙwabci. Ba binciken farko, ba jadawali, ba allo a bakin hanya. Wajen shekara 20 suna wannan aika-aika masu awo ba su sani ba, sai da Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka tarar da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Ka ji rashin ladabi. Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, mai tsawon kilomita 8,000 daga Sanagal zuwa Jibuti, da burin hekta miliyan 100 kafin 2030, rahoton 2020 ya ce abin da ta farfaɗo a cikin zirinta bai wuce hekta miliyan 4 ba. Wato talakawa da adda sun wuce ƙasashe 11 da ministocinsu. An dai ɗauki mataki: a Janairu 2021 aka sake taruwa a Faris, aka yi alkawarin sama da dala biliyan 14, aka kuma buɗe sabon ofishin bin sawun alkawuran. Manoman ma an gyara musu kuskurensu. Yanzu dabarar ta shiga jadawali, ana kiran su taro a koya musu abin da iyayensu suka yi, a ba su kuɗin zama. Ruwan Alakos bai kai na Magarya ba, ƙasar ma ba ɗaya ba, amma wannan ba zai hana a kawo musu darasin yadda yake ba.

Masu hassada sukan ce ba a san ɗorewa ba sai mai kuɗi ya tafi. To, ya tafi mun gani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Tarayyar Turai da Faransa da Jamus da Amurka suka dakatar da tallafi iri-iri, har gwamnati ta rage kasafin shekarar da kashi 40 cikin ɗari. A Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, waɗanda a takardu da yawa su ne magadan ayyukan. A 2025 ita kanta USAID, uwar jadawali, aka rufe ta. Duk da haka ban ji rahoto ko ɗaya da ya canza ba. Wanda aka rubuta wa "mai ɗorewa" yana nan mai ɗorewa a cikin kabad. Allunan ƙarfe ma suna tsaye a mashigar garuruwa da tutocinsu da sunayen masu ba da kuɗi, don an zuba musu siminti na gaske.

Saboda haka ina roƙon duk tawagar da Allah ya nufa da zuwa Alakos nan gaba, ta zo a ƙarshen Agusta, lokacin da ko kan tudu akwai ɗan kore, kuma ta aiko da saƙo tun da wuri. Kada ta zo a Afrilu, akwai zafi, ga mutanen gari ba sa nan, hoton ba zai yi kyau ba. Ta tsaya inda mota ta tsaya, ta yi magana da wanda aka gabatar mata. Wanda kuma ya nace sai ya koma Garazu shekara uku bayan rufe furoje ya ƙirga abin da ya rage da rai, a ba shi haƙuri, a gaya masa gaskiya: ba a ware kuɗin wannan tafiya a kasafi ba.