Filafili a Hannun Bakano

Mutumin da ya saba kutsa mota cikin cunkoson Kantin Kwari, me zai ba shi tsoro a kwale-kwale? Da wannan lissafin na isa mashigin wani ƙauye a gefen Nguru, zan tsallaka zuwa ɗaurin auren abokina. Shaddata ta sha sitaci har tana ƙara, ga zanna-bukar an kafa.

Mai fiton dattijo ne siriri, bakinsa jawur da goro. Muna barin gaɓa na ce, "Baba, kawo filafilin nan ka huta." Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Alhaji, ka taɓa kuwa?" Na ce ai tuƙi duk tuƙi ne. Ya miƙo mini, ya koma yana kwalfe ruwa da ƙoƙo.

Ashe kwale-kwale ba ya jin magana. Na caka ta dama, ya karkata hagu. Na caka ta hagu da iya ƙarfina, sai ga mu muna fuskantar inda muka baro, yaran gaɓa suna ɗaga mana hannu. Muka yi ta juyi kamar katantanwa, har jirgin ya gaji da ni, ya soka kai cikin ciyawar kacala ya tsaya cak.

Kacalar nan ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Baba bai ko motsa ba, sai ma ya gyara zama ya buɗe mini karatu: tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa ya biyo a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani yadda ya saba, ciyawar ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin jirage, ta cinye gonakin shinkafa, tsuntsun jan-baki kuma ya mai da ita masauki. Wato ruwan garinmu ne ya shuka abin da ya kama ni. Sauro dai bai tsaya sauraron tarihi ba.

Ana haka sai na ji huci a bayana, fuuu! Na waiga, ga ƙaton hanci baƙi ya ɓullo tsakanin ganyen bado. Na ƙwala salati, na ce "Dorina!", na yi tsalle na faɗa ruwa, ina kiran sunan mahaifiyata.

Ruwan iyakarsa cinya. Dorinar kuwa saniyar Fulani ce, ta zo shan ruwa, tana kallona tana tuƙa. Laka ta riƙe takalmi ɗaya ta ƙi saki, hula ta bi ruwa, wani yaro ya kamo ta ya ce sai an ba shi na goro.

Labari ya riga ni isa. Ina shiga wurin ɗaurin aure, sanye da aron rigar ƙanin ango wadda ta tsaya mini a gwiwa, maroƙi ya ɗaga murya: "Ga Sarkin Ruwan Kano, mai korar dorina da salati!" Kuma dole na ba shi kuɗi, jiƙaƙƙu.