Cinikin 'Yan Wasan Da Ba Naka Ba

A Amurka akwai magidanta da barci ke ƙaurace wa saboda cinikin 'yan wasan besbol da ba su ma san da zamansu ba. Gasar mafarki ce: kowa ya zaɓi ƙwararru a wayarsa, a riƙa ƙirga masa maki gwargwadon abin da suka taɓuka a fili. Tun 1980 da Daniel Okrent da abokansa suka tsara dokokinta a wani gidan abinci na New York, rigimar musaya ba ta kwanta ba.

Wani zai miƙa wa ƙaninsa babban ɗan wasa irin Aaron Judge, ya karɓi ɗan benci mai ciwon gwiwa, ya rantse ba haɗin baki. Nan take sauran su yi masa caa, a kaɗa ƙuri'ar soke ciniki. Matsalar ita ce masu ƙuri'ar su ne abokan hamayya, don haka duk cinikin da zai ƙarfafa na gaba haram ne, wanda zai durƙusar da shi kuwa halal. Shugaban gasar, da ake kira kwamishina, ba albashi, sai zagi.

Kuma ba shirmen marasa aikin yi ba ne kaɗai. A 2022 ƙwararren ɗan besbol Tommy Pham na Cincinnati Reds ya sharara wa takwaransa Joc Pederson mari kafin wasa, a kan dokar ajiye masu rauni a gasarsu ta mafarki, ta ƙwallon Amurka. Aka dakatar da shi wasa uku. Daga baya ya ce ai da laifin kwamishinansu, Mike Trout.