Taƙaitaccen Bayani Kan Ilimin Sayen Gadon Kwanan Yara

Ka sani, ya kai mai neman sani, masana wannan fanni sun gina shi a kan ƙa'ida guda: babba yana hawa gado don ya kwanta, yaro kuwa don ya diro. Duk wanda ya auna ƙarfin gado da nauyin yaro mai barci ya ɓata lissafinsa tun daga tushe. Abin aunawa shi ne nauyin yara huɗu a daidai lokacin da suka dawo daga sama, a haɗa da ɗan maƙwabta da aka aiko karɓar rariya.

A ƙasar Bebeji da Kiru, har zuwa Tudun Wada da Doguwa, asalin kayan ɗaki na amarya ne, mahaifinta ya saya, yara kuma su taso a kan abin da ya tsufa daga ciki. Sayen sabo ba ya hawa kan maigida sai sharuɗɗa biyu sun cika: tsohuwar katifa ta lotsa har ana jin sanyin siminti ta cikinta, sannan an sayar da shinkafa ko masara. Sharaɗi na biyu yakan faɗo ne da kaka, lokacin da ake ta ɗaura aure, kowane kafinta daga Kwanar Ɗangora zuwa Riruwai yana da gadon amare a gabansa. Mai neman ɗan gado ƙafa uku da shida shi ne na ƙarshe a layi, ko da shi ya fara biya.

Daga nan malamai suka yi saɓani. Mazhabar katako ita ce mafi yawan mabiya, kuma mafi yawan gardama. Sun haɗu a kan cewa maɗaci da kawo suna da ƙarko, sun kuma haɗu a kan cewa duk katakon da aka shafa wa jan fenti sunansa maɗaci har ranar da ya karye. Maɗobiya kuwa a bar zancenta. An yi ta lodinta zuwa Sin har sai da aka sa wa cinikinta takunkumi tsakanin ƙasashe daga 2017, kuma ba don ɗanka ya yi tsalle a kai aka bar sauran ba. Kusancin gidanka da dajin Falgore shi ma ba hujja ba ce, domin keɓaɓɓen daji ne na hukuma tun zamanin Turawa. Abin da talaka zai samu, ko a 'Yan Katako ta Na'ibawa ko wajen kafintan garinsu, galibi farin katako ne mara nauyi, kuma ba laifi gare shi in ya bushe. In ɗanye ne, zai yi kyau har hunturu ya shigo, sannan ya tsuke, mahaɗa ta saki, gado ya fara amsa sallama kafin masu gida. Cikin ramukan nan kuɗin cizo ke kafa unguwa. Gara kuma ta ƙasa take zuwa, shi ya sa magabata suke shafa wa ƙafafun gado baƙin mai, suna ɗora su a kan dutse.

Akwai wani reshe na zamani mai suna MDF, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe da fuska mai sheƙi. Yana da kyau a hoto, yana da sauƙin kuɗi, aibinsa ɗaya ne: in ya sha ruwa sai ya kumbura ya rugurguje. Gaskiya ne damina ta fi ƙarfi a Doguwa fiye da birnin Kano, amma ruwan da masana ke nufi a nan ba daga sama yake zuwa ba, kuma ba ya jiran damina.

'Yan mazhabar ƙarfe suna kafa hujja da tarihi. Suna cewa kamfanin katifar nan Mouka ma a Kano ya faro a 1959, yana ƙera gadajen ƙarfe. Gara ba ta cin ƙarfe, wannan babu saɓani. Sai dai bututun da mai walda zai yi maka a farashin da ka taya, siririn nan ne da ake lanƙwasawa da gwiwa. Gwajin da aka amince da shi shi ne mai saye ya cire hula, ya hau, ya yi tsalle sau uku a gaban jama'a. Wanda girma ya hana shi, yara za su yi masa gwajin a gida bayan ya biya. Game da gado mai hawa biyu irin na makarantar kwana, hukumomi a Amurka sun ce kada yaron da bai kai shekara 6 ba ya kwana a sama, kuma lallai a yi wa saman shinge. Ɗan auta bai taɓa karanta wannan hukunci ba, kuma shi ne zai fara hawa.

Shin araha da ƙarko suna haɗuwa a gado ɗaya? Mafi rinjayen zance shi ne suna haɗuwa, amma ba a gaban fenti ba. Kuɗin da zai tafi a ado da madubi da ƙwan lantarki a kan allon gado, a mayar da shi ga kaurin ƙafa da yawan katakon da ke riƙe katifa. A ce wa kafinta noti ake so, ba ƙusa ba, don abin da aka ɗaure ana iya ƙara ɗaure shi. A auna ƙofar ɗaki kafin a auna yaro. Sannan kada kafin alƙalami ya wuce kuɗin katako, domin idan kafinta ya ce, "Alhaji, ai saura fenti kawai," ma'anarsa a wannan ilimi ita ce an ga bishiyar.

Katifa kuwa, a matsa ta da hannu. Wadda ta daɗe ba ta dawo ba, ba za ta dawo ba har abada. A sa mata leda, a kafa ƙusoshin gidan sauro tun ranar farko.

Wurin ajiye tufafi ma yana da nasa haɗarin. Durowa mai aljihu huɗu, a idon yaro tsani ce. A 2016 kamfanin IKEA ya janye irinta kimanin miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun rikito a kan yara har an rasa rai. Wanda ya sayi doguwa ya ɗaure ta da bango. Wanda ya tsaya a akwatin ƙarfe ya huta, tunda abin da ke ƙasa ba ya faɗuwa, ga shi yana zama kujera, yana zama teburin aikin makaranta, ranar suna kuma ganga.

Saura mazhabar tabarma, wadda ba ta da masu kare ta a majalisa, amma kowa yana bin ta a ɓoye. Daga Maris zuwa saukar ruwa, babu yaron da zai kwana a ɗaki mai rufin kwano, tsakar gida ake fita. A watannin nan gado yakan karɓi wankin da ba a ninke ba, da tukwanen biki, da buhun masara biyu da aka ɗauke daga ƙasa saboda ɓera. Wasu masana suna ganin wannan amfani ya halatta na ɗan lokaci. Wasu kuma sun ce idan buhu ya cika wata uku a kai, gadon ya zama nasa, sai a jira kaka mai zuwa a yi wa yaran wani.